Yini Guda Cikin Tsofaffin Itatuwan Bakura

A gaɓar Tekun Pasifik, a arewacin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, akwai wata bishiya da ake kira redwud, wato jan itace. Babu bishiyar da ta kai irinta tsawo a duniya. Wadda ta fi tsawo a cikinsu, da aka gano a 2006 aka laƙaba mata suna Hyperion, ta haura mita 115. Da za a ɗaga filin ƙwallon ƙafa a tsayar da shi a tsaye, sai ta leƙo ta kansa. Wasu daga cikin waɗannan bishiyoyi sun haura shekara 2,000 a raye. Mutane kan taso daga ƙasashe masu nisa su yini suna tafiya a ƙasa a ƙarƙashinsu, don kallo kawai.

Da malaminmu na labarin ƙasa ya kawo mana wannan bayani, sai wani a cikinmu ya tambaya: "Malam, to mu ina namu tsohon dajin?" Malam ya ce dazuzzuka kam Zamfara tana da su, ga Kuyambana can kudu wajen Ɗansadau, ga Sububu a ƙasar Maradun. Amma kowa ya san halin da ake ciki. 'Yan bindiga sun mayar da su mafaka, babu malamin da zai kai ɗalibai can. Sai dai ya ce akwai sauran tsohon daji kusa da mu, a warwatse yake cikin gonaki da fadamu da kufai, kuma sai mai tafiya a ƙasa ke ganinsa. Gani ya kori ji. Haka muka tsayar da ranar wata Asabar a cikin watan Janairu.

Shiri kafin fita

Ga wanda bai san yankinmu ba, Bakura tana arewa maso yammacin jihar Zamfara, tana maƙwabtaka da Talata Mafara da Maradun. Gulbin Sakkwato ne ya ratsa ƙasashen uku ya haɗa su. Ƙasa ce ta noma, tudu da fadama, ga kamun kifi a gulbi da tafkuna irin su Natu.

Ba haka kawai muka ɗauki takalma muka fita ba. Sai da kowa ya kawo yardar iyayensa. Malamai suka je suka gaida masu gari na ƙauyukan da za mu ratsa, suka nemi shawara kan inda za a bi da inda ba za a bi ba. Aka gindaya mana sharaɗi uku: kada mu yi nisa da inda manoma ke aiki, kada kowa ya ware daga ayari, kuma mu shigo gari kafin magariba.

Mu goma sha biyu ne: ɗalibai tara, malamai biyu, da wani dattijo manomi da ya haura shekara saba'in, wanda ya yarda ya yi mana jagora. Baba muke ce masa. Guzurinmu hoce da ƙuli-ƙuli da dafaffen dankali, kowa da gorar ruwansa. Kayan aikinmu kuwa igiya mai alamar mita, sanda mai tsawon mita ɗaya, da littafi guda. Malam ya raba shafin littafin gida biyu. Duk bishiyar da muka wuce wadda mutum ɗaya ba zai iya rungume ta ba, a ja mata layi a dama. Duk ƙaramar da ba ta wuce tsayin mutum ba, a ja mata layi a hagu.

Gawo, mai damina da rani

Bayan sallar asuba muka bar gari. Sanyin hunturu na shiga har ƙashi, hazo ya rufe gabas, rana ta fito fara kamar faifai. Gonakin tudu duk an girbe su, sai kututturan kara da shanun Fulani suna kiwo a ciki. Ƙasa ta bushe, ciyawa ta yi fari. Amma can da can cikin gonakin sai ka hango bishiya kore shar, kamar ita kaɗai ake yi wa ruwa. Gawo ke nan.

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowa ke tsiro, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara. Da rani, lokacin da kowa ya kaɗe, shi sai ya yi ganye. Wannan hali nasa ne ya sa manomi ke sonsa. Ba ya tare wa gero rana da damina. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin shuka. Da rani dabbobi na taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, suna barin taki a gindinsa. Malamin kimiyyar noma da ke tare da mu ya ƙara da cewa a saiwar gawo akwai wasu ƙananan halittu da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su sa shi cikin ƙasa, wato sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa doka mai tsanani kan duk wanda ya sare gawo.

Baba ya tsaya gindin wani babba ya dafa shi. "Ɗiyana," in ji shi, "wanga gawon haka munka tashi munka ishe shi. Dammen da ni ka samu ƙarƙashinai ya fi na ko'ina cikin gonag ga." Muka ɗaga kai muka ga an sassare rassansa na sama da barandami don ba dabbobi ganye. Baba ya ce sassabe kaɗan ba ya kashe gawo, amma in aka aske shi ƙwal shekara bayan shekara, wata rana ba zai sake tohowa ba.

Muka ci gaba. Ga ɗorawa, ga kaɗanya jefi-jefi, ga aduwa da magarya a kan iyakokin gonaki. Mai riƙe da littafi yana ta jan layi a dama. Sai da muka yi tafiyar kusan awa biyu wani ya lura cewa hagun shafin kusan fari yake.

Filin da babu inuwa

Wajen ƙarfe tara muka gangara cikin filin noman rani. Nan duniya ta sake kama. Ga magudanun ruwa a miƙe kamar an ja su da rula, ga shinkafa da albasa da tumatir kore iya ganinka, ga balbelu farare suna bin masu aiki. Ruwan daga madatsar Bakolori yake zuwa, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, kuma an tsara ta shayar da kadada 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Dubban gidaje na ci daga wannan ruwa, har da gidajen wasunmu.

Amma a nan ne rana ta fara dukanmu, don babu inda za a raɓa. Baba ya ce yana saurayi lokacin da manyan motoci suka zo suka baje ƙasar don ruwa ya gudana daidai, kuma a idonsa aka tumɓuke tsamiyoyi da ɗorayi da kukoki da ba ya iya ƙidayawa. Rikicin diyyar gonaki shi ne ya kai ga arangamar watan Afrilun 1980 tsakanin manoma da 'yan sanda, inda aka rasa rayuka. Daga nan Baba ya yi shiru, mu ma ba mu matsa masa ba. Abin da muka rubuta a littafi shi ne, madatsar ta kawo noman rani, ta kuma tafi da inuwar da har yau ba a mayar ba. Duka biyun gaskiya ne.

A ƙarshen filin, inda ƙasa ta fara gangarawa zuwa gulbi, muka tarar da giginyu uku a tsaye. Nan Malam ya ce a fito da sanda. Ga yadda ake auna tsawon bishiya ba tare da an hau ta ba, kuma kowa na iya gwadawa a makarantarsu. Muka kafa sandar mai mita ɗaya a tsaye, muka auna inuwarta, ta ba mu mita 1.2. Nan take muka auna inuwar giginyar da ta fi tsawo, daga gindi zuwa ƙarshe, ta ba mu mita 24. Sai aka raba 24 da 1.2, aka sami mita 20. Dalili kuwa, a lokaci ɗaya rana na jefa inuwar kowane abu daidai gwargwadon tsayinsa. Da muka yi lissafi, sai an ɗora irin wannan giginya kusan shida, wata kan wata, kafin a kamo Hyperion. Muka ɗaga kai muna ƙoƙarin hango inda ta shidan za ta kai, wuya ya gaji.

Cikin kurmi

Ana gab da azahar muka isa wurin da Baba ya yi mana alkawari. Wani ɗan kurmi ne a bakin gulbi, a wata kwana da ruwa ke kwanciya da damina, shi ya sa ba a taɓa nome shi ba. Ba shi da girma. Mai sauri zai ratsa shi cikin minti goma. Amma da muka sunkuya muka bi ta wata kafa cikin sarƙaƙiya muka shiga, sai kowa ya rage murya ba tare da an ce ya yi ba.

Abu na farko da muka ji shi ne sanyi, irin na randar ƙasa. Na biyu ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Ƙasar wurin baƙa ce, mai laushi, ƙafa na nutsewa a cikinta, ba irin jar ƙasa mai tauri da muka taka tun safe ba. Sama kuwa rassa sun haɗe, rana na shigowa ɗigo-ɗigo. Ga kanya mai baƙin jiki ta miƙe sambal, 'ya'yanta sun zuba a ƙasa, muka tsince muka sha. Ga tsamiya da sai mutum uku suka kewaye ta. Ga ɓaure, ga marke mai farin ɓawo, ga giyayya a bakin ruwa saiwoyinta sun riƙe gaɓa kamar yatsu. Malam ya nuna mana ƙetaren gulbi inda babu itace, ruwa ya ci gaɓar ya zaftare ta har cikin gonar wani. A ɓangarenmu kuwa gaɓar na nan daram.

Kurciya na kuka, cilakowa ta tashi daga wannan reshe zuwa wancan, wani guza ya ji motsinmu ya faɗa rami. Baba ya ce da can akwai birai da gada a nan, har kura takan yi kuka da dare. Yanzu sai labari.

Bayan mun yi alwala a gulbi mun yi sallah, muka zauna cin hoce a kan wani ƙaton gungume da ya faɗi ya fara ruɓewa. A nan Malam ya bayyana mana abin da masana ke nufi da tsohon daji. Ba yawan itatuwa ba ne kawai. Daji ne da ya daɗe ba a share shi ba, har ya zama kamar babban gida mai kakanni da iyaye da jikoki. Akwai tsofaffin itatuwa, akwai matsakaita, akwai 'yan tsiro suna jiran wani tsoho ya faɗi su sami rana. Akwai kuma matattu a kwance, gara da naman kaza na mayar da su ƙasa. Ya ce mu duba ƙarƙashin ƙafafunmu. Muka duba, sai ga 'yan kanya da 'yan tsamiya, wasu ba su kai tsawon fensir ba, suna leƙowa cikin busasshen ganye. A cikin wannan ɗan wuri hagun littafinmu ya sami layuka fiye da duk abin da ya samu tun safe.

Dajin redwud ma, in ji Malam, saura kaɗan ya zama labari. Bayan da aka yi rububin haƙar zinariya a Kalifoniya a 1849, mutane suka kwararo, aka shiga sare shi don gina gidaje da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Yau kimanin kashi 5 cikin 100 na tsohon dajin ne ya rage. Abin da ya ragen ma ya tsira ne saboda wasu mutane sun kafa ƙungiya a 1918 suna tara kuɗi suna sayen filayen don a bar itatuwan a tsaye, daga baya gwamnati ta keɓe babban gandu a 1968. Ita kanta Hyperion, tun 2022 an hana zuwa gindinta, don tattakin masu kallo ya fara lalata ƙasar da saiwarta ke ciki. Wanda aka kama zai iya biyan tarar dala 5,000.

Kukokin kufai

Daga kurmi muka hau tudu, muka nufi wasu kukoki da muke hangowa tun daga nesa kamar giwaye a tsaye. Wannan ce tafiya mafi wuya a ranar. Rana ta take, iska na watsa mana ƙura, ƙarangiya ta cika mana wando, ruwan gora ya yi ɗumi. Hira ta mutu. Baba ne kaɗai bai sauya taku ba, yana gaba da sandarsa a kafaɗa.

Da muka isa muka ga gona ce, amma ƙasar cike take da fasassun tukwane da tsingaro. Baba ya ce kufai ne, gari ne ya tashi tun kafin a haifi kakansa. Malam ya ce wannan abu ne sananne a ƙasar Hausa: in ka ga kukoki sun taru wuri ɗaya a daji, sau da yawa mutane sun taɓa zama a nan. Su suka sha 'ya'yan kukar suka zubar da ƙwallayen a bayan gida, su kuma suka tsare 'yan tsiron saboda miya. Gidaje sun rushe, rijiyoyi sun cike, sunayen mutanen sun ɓace, kukokinsu na nan.

Muka ƙidaya goma sha bakwai. Babbar cikinsu sai da mu bakwai muka riƙe hannun juna kafin muka kewaye ta. Da aka zagaya ta da igiya, ta ba mu mita 11. Babu ganye ko ɗaya a kanta, sai 'ya'ya na reto. Jikinta duk tabo ne, inda aka ɗaye ɓawo don tufka igiya ya warke, ga kuma turakun da masu ɗiban ganye suka kafa suna hawa. Kuka na jure abin da zai kashe wata bishiyar. Tana ajiye ruwa a cikin jikinta mai taushi, shi take sha da rani. Furenta fari da dare yake buɗewa, jemagu ne ke ɗaukar masa ƙurar haihuwa daga wannan zuwa wancan. Garin 'ya'yanta da ake kaɗawa cikin nono ya fi lemon zaƙi yawan bitamin C.

Muka tambayi shekarunta. Malam ya ce a yawancin itatuwan ƙasashen sanyi ana ƙidaya zoben da ke cikin gungume, kowane zobe shekara guda. Kuka ba ta ba da wannan dama sosai, kuma sau da yawa cikinta rami ne. Masana kan ɗauki ɗan ƙaramin yanki daga jikinta su kai ɗakin gwaji su auna shi ta hanyar sinadarin kabon. Da wannan hanya ne wata tawaga ƙarƙashin Adrian Patrut, masani ɗan ƙasar Romaniya, ta gano cewa wata kuka a Zimbabuwe mai suna Panke ta kai kimanin shekara 2,450. A rahoton da suka fitar a 2018 sun ce tara daga cikin kukoki 13 mafiya tsufa da suka bincika, duk a kudancin Afirka, sun mutu ko kuma sassansu mafiya tsufa sun rushe a cikin shekara 12 kacal. Ita ma Panke tana cikinsu.

Muka bazu muna neman 'yar kuka a kufan. Muka duba gindin kowace, muka duba kan iyakar gona. Babu ko ɗaya. Kakanni goma sha bakwai, ba jika.

Baba ya lissafa mana dalilai. Akuya na cinye tsiron tun yana ganye biyu. Garmar shanu na tuge wanda ya tsira. Wutar sassabe na ƙone saura. Ya kuma ce a zamaninsu yaro ba ya kusantar kuka ko tsamiya da gatari, don an ce mazaunin iskoki ne. Yanzu tsoron ya ragu, kuma ba a sa wani abu a madadinsa ba.

Mai gatari da mai wuƙa

A hanyar komawa, bayan la'asar, muka ji sara. Muka tarar da wani magidanci ya kayar da marke yana faskarawa, amalanken shanu na jiransa. Muka yi masa sannu da aiki, ya amsa da fara'a. Malam ya auna kututturen, faɗinsa ya kusa kamu uku. Bishiyar da ta girmi mai saran ta faɗi a cikin abin da bai kai awa ɗaya ba.

Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce daga wani ƙauye na bakin daji ya taso da iyalinsa saboda 'yan bindiga, ya bar gonarsa da rumbunsa. Yanzu ba shi da abin da zai sayar ya sayi hatsi sai icce. Da can masu itace kan shiga daji mai nisa su ɗebo busasshe. Yanzu ba mai shiga, don haka gatari ya dawo kan itatuwan da ke kusa da gari. Babu wanda ya iya ce masa komai a cikinmu. Tuwon da muke ci a gida da na makaranta, da irin wannan iccen ake dafa shi.

Ba mu yi nisa ba Baba ya ratse cikin wata gona, ya tsuguna gaban wani ɗan cunkus na ganye da duk muka ɗauka ciyawa ce. Ya buɗa shi, sai ga tsohon kututture a ƙasa, rassa fiye da goma sun tsiro daga jikinsa. "Iccen ga bai mutu ba," in ji shi. "Saiwatai na nan ƙasa da rai. Kowace shekara shina tohowa, kowace shekara a sassabe shi." Ya ciro wuƙa, ya zaɓi rassa uku da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya yanke sauran, ya ɗan rage ƙananan rassan da ke jikin ukun. Aikin bai kai minti biyar ba. Ya ce tunda saiwar babba ce, ta riga ta kai ga laima, waɗannan za su yi saurin girma fiye da dashen da aka kawo cikin leda.

Malamin noma ya ce abin da Baba ya yi yana da suna a ƙasar Maraɗi: sassabin zamani. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan cunkus ɗin da ke cikin gonakin Maraɗi kututturan itatuwa ne masu rai. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara barinsu suna gyara su. Maƙwabci ya gani wurin maƙwabci, abin ya bazu har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan kadada miliyan 5. Hausawa ne 'yan uwanmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwan sama, kuma da wuƙa da lauje suka yi aikin. Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen girki, ba sai an kayar da uwar ba. Abin sha'awa, ita ma redwud haka take yi. In an sare ta, 'ya'ya kan tsiro daga saiwarta su kewaye kututturen.

Daga nan har bakin gari idonmu ya buɗe. Ko'ina muka duba sai mu ga irin waɗannan kututture, na sabara da kalgo da gawo da marke, a gonakin da muka ratsa da safe ba mu gan su ba.

Abin da littafi ya nuna

Mun shigo gari rana na gab da faɗuwa, ƙafafu sun yi nauyi, leɓɓa sun tsage, biyu daga cikinmu na ɗingishi. Da muka buɗe littafi a ƙofar makaranta, layukan dama sun cika shafi biyu. Na hagu ba su kai rabin shafi ba, kuma yawancinsu daga ɗan kurmin nan suka fito. Wannan ƙidayar yini ɗaya ce a hanya ɗaya, amma ta isa ta nuna inda aka dosa. Inuwar da muke sha yau wasu ne suka bar mana ita. In tsofaffin nan suka faɗi ɗaya bayan ɗaya babu na bayansu, waɗanda za su zauna a ajinmu nan da shekara hamsin ba za su san ɗanɗanon kanya ba, kuma miyar kuka sai an sayo ta daga wata ƙasa.

'Yan uwa ɗalibai, maza da mata, ba sai kun yi tafiya irin tamu ba, kuma kada kowa ya fita bayan gari ba da izinin iyaye da rakiyar manya ba. Aikin na iya farawa daga inda kuke. Ku nemi bishiyar da ta fi tsufa a unguwarku ko makarantarku. Ku auna kaurinta da igiya, ku auna tsawonta da inuwa. Ku tambayi kaka ko wani dattijo abin da ya sani game da ita, ku rubuta da kwanan wata. Sannan ku duba ko tana da 'ya a kusa. In babu, ku jiƙa ƙwallon kuka ko na tsamiya cikin ruwan zafi ya kwana, ku shuka a leda, ku dasa da farkon damina, ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Masu zuwa gona kuma, in lokacin sharar gona ya zo, ku roƙi Baba ya bar muku kututture biyar ku gyara da hannunku.

Mu dai mun riga mun sami namu. Mai gonar da ke bayan makarantarmu ya ba mu kututture tara, kowa da nasa, mun ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don kada mai sassabe ya taɓa shi. Za mu auna su a ƙarshen kowane zangon karatu, kuma za mu miƙa littafin ga 'yan ajin da ke bayanmu ranar da za mu fita.